Neman Na'urar Shara Kafin A Sallamo Inna

Daga Kazaure

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na bar gida, ko shayi ban tsaya sha ba. A ranar za a sallamo mahaifiyata, Inna, daga asibiti a Kano, bayan aikin da aka yi mata a ƙashin baya. Ƙanwata Bilki, wadda ke jinyarta, ta faɗa mini a waya cewa likita ya kafa sharaɗi: wata shida ba sunkuyo, ba durƙuso. Ni kuwa na san Inna. Sau biyu a rana take share ɗakinta da hannunta, kuma duk 'yar aikin da muka kawo ba ta kwana uku. Sai na ƙudura cewa kafin ta taka gidanmu na Fagge, na'urar nan mai yawo tana shara da kanta ta riga ta shiga.

Mota ba ta cika ba sai shida da rabi. Bayan Ɗambatta muka tarar da shingen bincike, aka sauke kayan but ɗin motar ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin suka tafi. Direba ya kalle ni ta madubi.

"Malam, ka bar agogon nan ya huta. Za mu isa."

Fagge

Takwas da rabi ta wuce na buɗe gidan. Sati biyu ba kowa, ƙura ta kwanta a kan kafet. Na auna dokin ƙofar da ke tsakanin falo da ɗakin Inna da tsinken ashana, ya kai rabinsa, na karya tsinken daidai wurin na jefa a aljihu. A tsaye na sha koko da ƙosai a bakin layi, na tari adaidaita sahu.

Titin Ibrahim Taiwo

Ƙarfe goma na shiga wani babban kanti mai sanyi. Mai jiran kantin ta nuna mini wata baƙa mai sheƙi, zagayayya kamar faifai. Ta ce tana zana taswirar gida, tana goge tayil da ruwa, har magana take yi da Turanci.

"Ta yaya ake tayar da ita?"

"Da waya, yallaɓai. Sai da intanet."

Wayar Inna ƙarama ce mai maɓallai, ita ma Bilki ke sa mata kati. Ina tsaye ina juya maganar sai ga kiran Bilki.

"Yaya Auwalu, likita ya zo da wuri. Ƙarfe biyu za mu fito, ba huɗu ba."

Na yi wa mai jiran kantin godiya na fita da sauri.

Bata zuwa Sabon Gari

A Bata hanya ta cushe. Minti goma sha biyar muna wuri guda, masu tura kaya a baro suna wuce mu. Na sallami mai adaidaita na kama ƙafa, gumi har cikin takalmi. Shaguna huɗu na shiga. Biyu ba su da ita, ɗaya ya ce in dawo jibi, na huɗun ya ƙi buɗe kwali sai na biya.

Sha biyu da kwata aka kwatanta mini shagon Alhaji Rasaki, wani dattijo Bayarabe haifaffen Fagge, Hausarsa ta fi tawa gogewa. Bai fara da kuɗi ba.

"Wa za ka saya wa?"

Na ba shi labarin Inna, na ciro tsinken ashanar. Ya yi dariya, ya ɗauko wani katako mai kauri daidai da shi ya shimfiɗa a ƙasa, ya barbaɗa garin rogo a bayansa. Ya saki na'urori biyu, ta farko ta zo ta bugi katakon ta juya. Ta biyu, wata fara mai maɓalli ɗaya a ka, ta yi ƙugi ta haye, ta lashe garin tas.

"Amma ka ji gaskiya," in ji shi. "Ba ta shiga kusurwa sosai. Igiyar caja a ƙasa ko gezar darduma, za ta naɗe su ta tsaya. In an kawo wuta a bar ta a mazauninta ta ƙoshi, za ta yi muku ɗaki biyu ko an ɗauke."

Muka yi cinikin farar a gurguje, ya rage mini abin da ya rage, ya ƙara da burushi biyu.

"Ka gaida Hajiya. Allah ya ba ta lafiya."

Fagge kuma

Biyu saura minti goma na iso. Na naɗe dardumai, na kwashe wayoyin wuta, na yi Azahar. Biyu da rabi Inna ta shigo a hankali tana dogara sanda, Bilki na riƙe da ita. Tana zama idonta ya sauka a kan kafet, na ga hannunta ya fara motsi. Na yi maza na danna maɓallin.

Na'urar ta kama aiki. Inna ta bi ta da kallo har ta haye dokin ƙofa ta shige ƙarƙashin gado, ta fito ta ɗaya gefen.

"Ta bar lungun can," in ji Inna.

Bilki ta ce ita za ta riƙa yin lungunan. Sai Inna ta ce, "Auwalu, matso da ita. Ina ake taɓawa?"

Na nuna mata. Ta miƙa sandarta daga zaune, ta danna da bakin sandar, na'urar ta tashi.

Komawa

Ƙarfe biyar na hau mota, bakwai saura na sauka a Kazaure ana fitowa daga Magariba. Ina cire takalmi Bilki ta kira, ina jiyo ƙugin na'urar ta wayar. Ta ce karo na uku ke nan, kuma Inna ba ta tashi daga kujera ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Rasaki da ya gwada mini kafin ya sayar. Sai a lokacin na tuna ban ci abincin rana ba.