Cokali Biyu a Kular Baba Manaja

Kafin mai gadi ya gama share ƙofar garejin motocinmu na dogon zango, Baba Manaja ya iso. Zai bi motocin ɗaya bayan ɗaya, yana duba taya yana duba idon direba. Da rana ta take, direbobi da kanikawa su baje a bencin gindin bishiya, ana ci ana tsiya. Shi kuwa sai ya tura ƙofar ofis, ya buɗe kularsa shi kaɗai.

Da can a bencin nan yake ci, kwano ɗaya da amininsa Dogo, direban da suka fara aiki tare. Ranar da aka ba shi manaja ya daina. Muka ce girman kai ne, har da ni, ina mai sayar da tikiti a lokacin. Sai da ya fara koya mini aiki na tambaye shi.

"'Yata," ya ce, "in na ci na wani yau, gobe in zai ɗau mota bai yi barci ba, da wane baki zan hana shi?"

Goben kuwa ta zo. Dogo ya dawo daga tafiya ido jawur, ya ce zai juya da fasinja nan take, saboda hidimar gida ta sha masa kai. Baba ya karɓe makullin a gaban kowa.

"Haba, ni za ka yi wa haka?" in ji Dogo.

"Ka je ka kwanta, ɗan'uwa. Mutanen nan ma ana jiransu a gida."

Dogo ya bar aikin a makon, kuma tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Baba bai taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba, amma abin ya ci shi, mun gani.

Baba, kai ne in masu kamfani sun zo da faɗa kake shiga gaba, in sun zo da yabo ka turo mu. Kai ne ba ka yanke hukunci sai ka juyo ka ce, "In ke ce, ya za ki yi?" In na ba da amsar son kai, sai ka tsura mini ido har kunya ta kama ni. Haka ka raini manajoji da dama, kowa ya tafi reshensa, ya bar ka da kularka.

Ranar bikin ritayar Baba an yi jawabai, shi kuwa idonsa na kan ƙofa. Dogo bai zo ba. Da nake taya shi tattara kaya, na ga cokali biyu a jakar kular. Ya ce tun ranar makullin nan yake zuwa da su, ko Allah zai sa Dogo ya leƙo su ci tare.

Yanzu ni ce a kujerar, kuma na ji irin shirun da ke ofishin nan da tsakar rana. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Duk wanda aka damƙa wa mutane, ya koyi karɓar makulli ko a hannun wa yake.

Kai kuma Dogo, Baba ba manajan kowa ba ne yanzu. Yana gida, kuma iyalinsa sun ce har yau cokali biyu yake sa a kawo masa.