Gwaggo Mero da Haruffa Masu Ƙugiya

A Abakpa, in ka tambayi gidan Hajiya Mero sai an yi ɗan tunani. Amma in ka ce Gwaggo Mero mai kwamfuta, ko mai shago ne zai nuna maka koren gyet ɗin da ke bayan masallaci.

Ta yi ƙuruciyarta a ofishin gwamnati tana buga tafireta, daga baya aka kawo kwamfuta ta koma kanta. Yatsunta sun saba da gudu, har bayan ta yi ritaya in tana zaune sai ka ga tana ƙwanƙwasa gefen kujera ba ta sani ba. Mijinta, Malam Shehu, tsohon malamin makaranta ne mai son zolaya. Yakan ce ya auri mace wadda ko tuwo take tuƙawa sai ka ji kamar takarda take bugawa.

Laftof ɗinta ce ta tsufa ta fara jan ƙafa. Ta kai wa ɗan ƙanenta, Sharhabil, wanda ke da shagon gyara a Rigasa. Ya duba ya ce, "Gwaggo, ba ta mutu ba, nauyi ne ya yi mata yawa. Bari in sa miki Linux."

Ya bayyana mata cewa manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kyauta ake bayarwa, kuma 'yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke kula da ita. An rarraba ta ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da mai lura da shi.

"Kamar aikin gayya ke nan," in ji ta.

Laftof ta miƙe garau. Gwaggo ta ci gaba da buga wa ƙungiyar matan unguwa takardu, har ranar da ta sabunta manhajar sannan ta zauna rubuta katin walimar saukar jikarta. Ta danna ƙ, sai k ya fito. Ta sake dannawa, haka dai. Malam Shehu ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta da ƙarfi: "Muna maraba da manyan baki."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ai ba ta yi ƙarya ba, Hajiya. Masu zuwa walima da me suke zuwa?"

Ita ma ta dara, amma abin ya tsaya mata a rai. Ta kira Sharhabil. Ya ce a sabuntawar ne aka samu kuskure, kuma akwai shafin da ake kai rahoto.

"To kai musu mana."

"Gwaggo, ke kika gani, ke za ki fi iya bayani. Turancinki ma ya fi nawa."

Ta rubuta yadda aka koya mata a ofis: abin da ta danna, abin da ya kamata ya fito, da abin da ya fito. Washegari amsa ta zo daga matar da ke kula da ƙunshin, wata 'yar Brazil. Ta yi godiya, ta ce ita ba ta jin Hausa, ba ta da yadda za ta gane an samu matsala. Ta turo gyara, ta roƙi Gwaggo ta gwada kafin a sakar wa duniya.

Tun daga nan ƙofa ta buɗe. Sharhabil ya harhaɗa mata wata tsohuwar kwamfuta don gwaji kawai, wadda ko ta rikice ba a yi asara ba. Ya koya mata baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Da farko ta ji tsoronsa, ta ce ya yi kama da allon Malam ranar jarrabawa. Ba a jima ba ta saba. Duk lokacin da sabon ƙunshi ya iso, bayan ta karya kumallo sai ta girka shi, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta buga a takarda, ta ɗaga ta kalli haske. Sau ɗaya ta goge abin da bai kamata ba, injin ya ƙi tashi. Ta kai shi Rigasa a Keke Napep tana rungume da shi kamar jinjiri, ta dawo tana ba da labari tana dariya.

Shekara ta zagayo, matar nan 'yar Brazil ta samu sabon aiki, lokaci ya yi mata ƙaranci. Ta tambaya ko Gwaggo za ta karɓi ƙunshin gaba ɗaya, ita kuma ta riƙa duba mata aiki har ta tsaya da ƙafarta. Gwaggo ta dubi mijinta.

"Malam, ka ji fa. Ni da nake fama da tabarau?"

"Karɓi, Hajiya. Wa ya fi ki sanin inda ƙugiya take zama?"

Ta karɓa. Ranar da sabuntawarta ta farko ta fita, Sharhabil ya rufe shago ya zo da tsire. Ya nuna mata sunanta a jikin bayanin ƙunshin, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake karantawa. Maƙwabta suka shigo taya murna, mafi yawansu ba su gane abin da aka yi ba, amma suka yi guɗa.

Ana cikin haka saƙo ya shigo daga wani malamin firamare a Maraɗi. Ya gaishe ta cikin ladabi, ya ce su a Nijar akwai harafin ƴ da suke rubutawa, kuma babban baƙinsa ba ya fitowa daidai. Gwaggo ta gyara zama, fuskarta cike da fara'a.

"Sharhabil, matso da kujera. Mutanen Maraɗi na jiranmu. Malam, ku rage min tsiren nan, kada in juyo in tarar da tsinke."