Ranar da Gwaggo Ta Zauna a Kan Ɓarawo

Ina gyaran babur a bakin tashar Yendi ranar da aka kama ɓarawon. Babur ɗin wani mai doya ya sata yana turawa, bai yi nisa ba aka cim masa. Kafin in goge hannu an yaga masa riga, wani ya mirgino taya, wani na neman fetur. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ɗauko sifana, kuma ba don gyara ba.

Gwaggona, yayar babana, tana sayar da wake da shinkafa a tashar. Mijinta direba ne, 'yan fashi suka harbe shi a hanyar Salaga. Sai ga ta ta ratso taron da ludayi a hannu, ta zauna daram a bayan mutumin nan da ke kwance.

Wani mahauci ya ce, "Hajiya, tashi! Irinsu ne suka kashe miki miji."

Ta ce, "Ni za ka gaya wa? Wanda ya harbe shi na gan shi a kotu. Na yi ta zarya ina roƙon Allah alƙali ya ce a rataye shi. Amma sai da aka kira shaidu, aka bar shi ya yi magana. Gwamnati mai bindiga ma sai da ta saurara. Kai wa ya naɗa ka alƙali? Ran mutum saboda babur?"

Ta hango ni. "Kai kuma, ɗan nan, ajiye ƙarfen nan ka zo."

Na ajiye, na je na tsaya gefenta, kunya kamar in nutse. Mai koko ta bar tukunyarta ta zo. Masu tumatir suka biyo, suka kewaye mu, suka fuskanci maza. Ba wanda ya iya ɗaga hannu a kan uwayensa. Mai fetur ya sulale. Haka muka tsaya cikin rana har 'yan sanda suka iso.

Da motarsu ta tafi da shi da ransa, matan suka rangaɗa guɗa, suka rako Gwaggo har rumfarta, shinkafar ta ƙare kafin azahar.

Satar kuwa ya yi, Gwaggo ta gani da idonta. Ranar shari'a ni na kai ta kotu a babur, ta tsaya ta ba da shaida a kansa, aka ɗaure shi.