Askar da Ɗantsoho Ya Mayar Cikin Zabira

Da an fito sallar asuba, Ɗantsoho wanzami na gindin darbejiyarsa a Nahuce yana wasa aska. Shekara arba'in ke nan yana wanzanci, bana ido ya gaza, zai ajiye sana'ar. Ku saurara da kyau: ba don kaifin aska ake jinjina masa ba, don ranar da ya ƙi yanka ne.

Ranar sunan Isah ɗan Rakiya ce, shekara ashirin da biyar da suka wuce. Aka miƙo jariri a cire masa belu kamar yadda aka saba. Ɗantsoho ya ga cibiyar har yau tana tsattsafar jini. Ya dubi mahaifiyar Rakiya.

"Iya Binta, ƙannen Rakiya maza biyu, mi ya kashe su?"

"Kaciya, Baba. Jini ya ƙi tsayawa."

Ya mayar da aska cikin zabira. "Wanga yaro ba ni taɓa shi."

Baffan jaririn, Rabi'u, ya yi dariya. "Hannu ya fara rawa ke nan? A kira mana wanzamin Bungudu."

"Kira shi. Sai dai ya tsallake ni."

Ya zauna bakin ƙofar ɗakin, tuwon suna ma bai ci ba, har uban yaron ya yarda a tafi Gusau. A asibiti wata nas, Comfort, ta yi musu bayanin gwaji: himofiliya ce, jinin yaron ba ya daskarewa, gado ne ta wajen uwa. Da an taɓa maƙogwaron nan, da ba a ga Isah ba.

Wata shida gari na kiransa matsoraci, gidajen suna suka daina aiko masa. In gwiwar Isah ta kumbura, shi ke nemo ƙanƙara wajen mai lemo, shi ke tsayar da ɗan acaɓa a kai shi allurar tsayar da jini. Da surukai suka ce Rakiya ta kawo musu cuta, ya je ya zauna da su har suka yi shiru. Kaciyar ma a asibiti aka yi, bayan allura, Ɗantsoho na tsaye a waje.

Kai ne, Ɗantsoho, ka bi wanzamai daga Kwatarkwashi har Tsafe kana ce musu: ku tambayi dangin uwa kafin ku zare aska. Mai riƙe ƙarfe da sanin ran mutum. Allah Ya saka maka.

Ku masu sana'a, ku koyi tsayawa ku yi tambaya. Ba ragwanta ba ce.

Juma'ar da ta wuce aka ɗaura auren Isah, tela ne yanzu a Gusau. Da hantsi ya zo gindin darbejiya askin ango, Rakiya na leƙowa daga zaure.

Isah ya ce, "Baba, yau ma ba a sa mani askar?"

"Zauna, ɗan nema."

Tsoho ya zaro almakashi, kamar yadda yake yi masa aski shekara ashirin da biyar.