Kaskon da Na Dirje a Gidan Tsofaffi

Duk daren daɗewa ba zan manta da safiyar da na shiga falon gidan tsofaffi na tarar sun yi cirko-cirko, ba mai ko tari. Gida ne mai sauƙin haya a garin Largo, can ƙasar waje, kuma ban daɗe da samun aikin kicin a can ba. Da aikin nan nake riƙe kaina da mahaifiyata a Kaduna.

Wani ƙaton kasko suka zuba wa ido. Ana gobe na gan shi a kan kantar falon, baƙi ƙirin, maiƙo ya daskare a jikinsa. A gidanmu yarinya ta bar kasko haka ai ta sha faɗa. Sai na kai shi kicin na dirje da soson ƙarfe har yana ɗaukar ido, na mayar ina jiran yabo.

Wata nas 'yar Jos, wadda ta samo mini aikin, ta ja ni gefe.

“Ke ce? Wayyo, yarinyar nan kin kashe ni!”

“Anti, wankewa kawai na yi.”

“Wa ya aike ki?”

A nan ta faɗa mini cewa wasu mata masu sharar asibiti ne suka kafa gidan, da suka yi ritaya haya ta gagare su. A kaskon nan suka yi ta soya kifi suna sayarwa a harabar coci, har aka samu masu tallafa musu aka yi ginin. Baƙin nan da na kankare, shi ake nuna wa baƙi.



Can aka turo wata tsohuwa a keke, ita kaɗai ta rage cikin matan. Na zube ƙasa ina ba da haƙuri. Ta daɗe tana jujjuya kaskon, sai ta fashe da dariya har da tari.

“Kaskona ne! Aro na ba ƙazaman nan, suka mutu ba su wanke mini ba, jikokinsu suka mai da dauɗar tarihi. Tashi, 'yata, ba inda za ki. A sayo kifi!”

Falon ya kaure da shewa, ni kuwa hawaye nake ina dariya.

Tun ranar, ko tsumma na gani a gidan mutane, sai na tambayi labarinsa kafin in sa masa ruwa.