Taga ta Hagu

Ruqaya 'yar Alhaji Mato malamar firamare ce a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen garin Abu Hujar, can gabas kan tsohuwar hanyar Makka, kuma duk wanda ya san ta ya san matsoraciya ce. Ba ta shiga kwalekwale sai ta rufe ido, ba ta taɓa wayar lantarki ko da an ɗauke wuta. Larabci take koyarwa, da shi take mafarki, Hausarta kuwa tsofaffi dariya suke yi mata. Amma ita Allah ya ɗora wa riƙon shafin ƙauyen a intanet, ba don ta iya ba, sai don babu wani.

Wanta Mukhtar ne ya buɗe shafin tun kafin yaƙi. Ya bi tsofaffi gida-gida da wayarsa yana naɗar muryarsu, suna ba da labarin yadda kakanni suka taso daga Sakkwato a ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi don su noma guzuri, zangon ya zama gari. A cikinsu har da mahaifiyarsu, Inna Asabe, wadda ta rasu ba da daɗewa ba. Da yaƙi ya iso, aka karɓe wayar Mukhtar a shingen hanya, kwamfutarsa ta bi sauran kayan gida da aka wawashe. Shi kuma ya wuce arewa haƙar zinariya, inda waya ba ta shiga, ya bar wa Ruqaya lambobin sirri. Muryoyin nan ba su rage a ko'ina ba sai a rumbun kamfanin da ke ajiye shafin, can wata ƙasa da ba ta san sunanta ba.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Mato yakan riƙe hannunta su je shagon Osman, inda ake samun intanet, ta kunna masa muryar matarsa ya saurara. Sau nawa ta yi niyyar sauke muryar a wayarta, wayar ta ce ta cika, ta ce sai gobe.

Abin da ya jawo magana shi ne dangi na Najeriya. Sun gano shafin, suka rubuto cewa rubutun Hausar a birkice yake, aya a farkon layi, kalmomi suna tafiya da baya, domin Mukhtar rigar Larabci ya sa wa shafin. Rigar nan masu sana'ar suna ce mata tim. Ruqaya ta ji kunya. Ta nemo sabuwar riga mai tafiya daga hagu, ta nemo bidiyon wani saurayi Bakano da ke koyar da yadda ake ɗora ta a rumbun kamfani, ta saurare shi har ta haddace.

"Manhajar taga biyu gare ta," in ji saurayin. "Ta hagu kwamfutarka ce, share tarkacen da ke ciki don kada ka rikice, babu abin da zai faru. Ta dama ita ce rumbu, ita ake jin tsoro."

To, wa ya kai Ruqaya jin tsoro? Ranar wata Talata da hantsi ta zauna gaban kwamfutar Osman, ta yi bisimilla, ta shigar da lambobin. Tagogi biyu suka buɗe. Ko kallon ta dama ba ta son yi. A ta hagu kuwa ga tarkace nan jibge, da sunaye na Turanci waɗanda ba ta gane ba.

"Ya Osman, in share waɗanga?"

Osman na can yana zuba wa baƙi jabana, wato gahawa, ko juyowa bai yi ba. "Share, ya ustaza, kayan mutane ne da sunka bari. Ma fi mushkila, ba komai."

Ta zaɓe su duka. Manhajar ta tambaye ta ko ta tabbata, da Larabci mai kyau, ta ce ta tabbata. Abin da bai zo mata a rai ba, kuma bai taɓa zo wa saurayin Kano ba, shi ne kwamfutar Osman da Larabci take aiki. Larabci kuwa daga dama yake farawa, don haka manhajar ta juya tagoginta kamar yadda ta juya komai. Hagun Ruqaya shi ne damar Bakano.

Abin ya ƙi ƙarewa da sauri. Sunaye suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a ƙasan allo, a hankali, kamar awaki na fita daga garke. Ta matso da fuskarta tana haɗa baƙaƙen boko. Ta ga yalwa. Ta ga alamin. Sunayen tsofaffin ƙauye ne. Sai ta ga asabe, ya tsaya kaɗan, ya wuce.

Matar da ba ta taɓa wayar lantarki, ita ce ta fizge ta daga bango da hannu biyu, har fanka ta tsaya, baƙi suka miƙe. Da aka sake kunnawa ta buɗe shafin, ga rubutu nan, ga 'yan hotuna, amma duk inda aka danna murya shiru. Garin neman gira ta rasa ido. Ta rubuta wa kamfanin tana kuka, amsa ta zo washegari cikin ladabi cewa irin ajiyar Mukhtar ba a yi mata kwafi.

Daga ranar abinci ya ƙi shiga. Ta toya kisra, wainar dawa ta can, ta ƙone, ta shiga aji ta manta darasi. Ba faɗan Alhaji take tsoro ba, ai bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tsoron Juma'a take yi, ga shi kuma Juma'a ba ta fasa zuwa.

Ya dawo masallaci ya tsaya a ƙofar gida da sandarsa, ya miƙo hannu. "Taho, ɗiyata, mu tai mu ji uwarki."

Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai, rabi Hausa rabi Larabci. Bai gane taga ba, bai gane rumbu ba, amma ya gane. Ya lallaba ya zauna a bakin gadon igiya.

"Khalas, bar kuka. Share wani abu cikin wayarki ki naɗa. Na san maganarta duka, ni in faɗa."

Ta share hotunan makaranta, ta danna. Alhaji ya gyara murya ya fara, kalma bayan kalma, yadda Asabe ta faɗa: kakarta ta iso goye a bayan jaki, jakin ya ga kogi ya kafe, aka yi duka aka yi lallashi ya ƙi motsi. Nan ya yi shiru. Ruqaya ta ɗauka ya manta, ta buɗe baki za ta tuna masa.

"A'a, ban mance ba," ya ce. "Nan ne take dariya. Wannan ban iya ba."