Tudun da Na Hana Mutanen Yebi

Ni ne na yi kuskure, kuma ba cikin rashin sani na yi shi ba. Na san abin da nake yi ranar da na miƙe a ofishin magajin garin Diffa.

A shekarun nan ƴan gudun hijira daga garin Yebi sun cika gefen unguwarmu da bukkoki. Limaminmu ne ya fara lura cewa ba su da inda za su binne matattunsu. Makabartar unguwa ta cika, ta gari kuma ta yi nisa ga wanda ba shi da amalanke. Sai ya haɗa kai da faston wata ƙaramar coci, mutumin kudu da aiki ya kawo shi garinmu, suka shirya roƙon majalisar gari ta ba baƙin wani tudu da ke bayan unguwa.

A kan tudun nan nake shanya tattasaina. Ba nawa ba ne, amma tun zamanin mahaifina muke baza jan tattasai a wurin, ba mai yi mana magana.

Liman ya ce da ni, "Ɗana, ka zo ka tsaya bayana. Kai ne ka ɗan taɓa boko, in sun juya Faransanci ka kama mana." Na ce to.

A zauren, liman ya yi magana a hankali. Ya ce wanka da likkafani da rami haƙƙin mamaci ne a kanmu, ko daga ina ya fito. Fasto ya ce su mutanen coci ƴan kaɗan ne a garin nan, sun san zafin neman wurin binne naka a inda ba a haife ka ba. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Sai na ɗaga hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan baƙi ne, gobe za su koma gida. In aka ba su kabari a tudun nan, an ba su tudun ke nan har abada. Wa zai iya tashin mutum daga inda uwarsa take kwance?"

Kowa ya san haka abin yake a wurinmu, shi ya sa maganar ta shiga. Ban ambaci tattasai ba ko sau ɗaya. Magajin gari ya ce za a sake dubawa, aka tashi. Liman bai dube ni ba. A bakin ƙofa fasto ya miƙo mini hannu, ya ce, "Malam, Allah ya ba da kasuwa." Ashe ya sani.

Akwai wani tsoho cikin mutanen Yebi, mai gyaran tarun kamun kifi, da muke haɗa kafaɗa a sahun salla. Da bazara matarsa ta rasu. Suka kai ta fadama kusa da kogin Komadugu, don can ne ba wanda zai hana su. Na je jana'izar. Har ƙasa na zuba da hannuna.

Bayan damina kogi ya kawo ruwa, ya shafe fadamar. Da ruwan ya janye, ba ƙayar da aka sa a kan kabarin, ba tudun kabari, sai laka shimfiɗe. Ina kan hanyar lambu nakan hango tsohon da sandarsa yana zagayawa, ya tsaya nan, ya matsa can, ya ɗaga hannu ya yi addu'a a inda yake zato. Nakan sauya hanya.

Liman da fasto ba su daina komawa ofishin ba, sai dai ba su sake kirana ba. Daga baya majalisa ta ba da tudun. Amma matar tsohon ba ta cikin waɗanda suka samu.

Na daɗe ina kai goshina ƙasa kusa da na tsohon ban faɗa masa abin da na yi ba. Wata Juma'a bayan an sauko, na bi shi har bukkarsa. Ya shimfiɗa mini buhu, ya ce, "Ɗana, lafiya?"

Na durƙusa a ƙasa, ban hau buhun ba. Na ce, "Baba, ni ne na hana ku tudun nan a gaban magajin gari. Ba don tsoron ku zauna ba ne, don wurin shanyar tattasaina ne. Da na yi shiru, da ka san inda Inna take. Ba ni da abin da zan gyara da shi. Ka yafe mini, Baba."